Boris da sil: tarihin ƙananan abubuwa biyu da ke riƙe da tayar baya

Lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake zaune a Sifawa, kafin ya koma Sakkwato a 1815, babu wani kaya da ke shiga garin a bisa taya. Jaki, raƙumi, takarkari da kan ɗan'adam, su ke nan. Ko da jirgin ƙasa ya zo Arewa, ya isa Kano a 1911, ya kai Ƙaura Namoda a 1929, a nan ya tsaya bai ƙaraso Sakkwato ba. Shi ya sa a wannan yanki mota ce ta gaji jaki kai tsaye. Yau duk buhun albasa ko gero da ya bi titin Boɗinga zuwa Shagari cikin Hiace, rabin nauyinsa ko fiye yana kan boris biyu da ke bakin aksil ɗin baya.

Matsalar da boris ya zo warwarewa ita ce gogayya. Ƙarfe in yana murzar ƙarfe zai yi zafi, ya cinye kansa. In aka sa ƙwallaye ko 'yan sanduna masu mirginawa a tsakani, sai gogayyar ta ragu ƙwarai. Henry Timken, wani maƙerin kekunan doki a St. Louis ta Amurka, ya lura cewa taya ba nauyin sama kaɗai take ɗauka ba, a kwana ma ana tura ta gefe. A 1898 ya yi rajistar boris mai sanduna masu tsukewa a kai ɗaya, wanda ke jure turin biyu a lokaci guda. A 1907 kuma Sven Wingquist ya fito da nasa mai ƙwallaye a Suwidin, aka kafa SKF.

Amma fa boris ba ya rayuwa sai da maiƙo, kuma ba ya shiri da ƙura. Abin da zai tsare mai a ciki, ya hana datti shiga, bai kankama ba sai 1929, lokacin da Walther Simmer ya ƙera zoben da muke kira sil a kamfanin Freudenberg na Jamus. Kamfanin na jima ne, don haka da fata aka fara yin sa (Basakkwace, mai jar akuya, zai ji daɗin wannan), daga baya roba ta karɓe.

A ganina sil ɗin nan aka fi rainawa, alhali shi ne mai gadin. In leɓensa ya bushe ko yashin hunturu ya ci shi, man aksil zai tsiyayo, ya wanke giris ɗin boris, sannan ya jiƙa takalman birki. Direba zai fara jin gurnani daga baya wanda ke ƙaruwa da gudu, ya ce bari a kai kasuwa tukuna. To a irin wannan aksil, boris matse yake a jikin sandar da ke juya tayar, wani zoben ƙarfe ne ke riƙe da shi. In ya ƙone ya farfashe, sandar na iya zarewa da tayar gaba ɗaya, mota cike da lodi. Saboda haka bakaniken kirki ba ya canja boris ya mayar da tsohon sil ko tsohon zobe, kuma da injin matsi yake shigar da sabon, ba da guduma ba.