Marayun soja da matansu: abin da tarihin tirayer ya bar mana

Idan soja ya faɗi a fagen fama, akan yi masa jana'izar girma, a sauke tuta, a yi kwanakin makoki. Bayan haka jama'a su watse, a bar mace cikin takaba da yara ƙanana. Tambayar wa zai riƙe su ta daɗe a ƙasarmu, domin tun zamanin mulkin mallaka iyaye mata a Damagaram, Maraɗi da Tawa suka san zafin raka ɗa ko miji zuwa yaƙin da ba a dawowa.

A 1857 ne gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da ake kira tirayer na Senegal. Sunan kawai ne na Senegal, amma daga baya an riƙa ɗibar samari daga duk yammacin Afirka da ke hannun Faransa, har da Nijar. A yaƙin duniya na farko, wajen mutum 30 000 daga cikinsu suka rasa rayukansu. Saboda yawan mamata, Faransa ta yi dokoki biyu masu muhimmanci. Ta 1915 ta ƙirƙiro shaidar cewa soja ya mutu domin Faransa. Ta ranar 27 ga Yuli 1917 kuma ta ce ɗan wanda ya mutu a yaƙi ya zama ɗan riƙon ƙasa: hukuma za ta taimaka da ciyar da shi, da karatunsa, har ya mallaki hankalin kansa.

A rubuce dokar tana da kyau. Amma kafin mace ta samu haƙƙinta, sai ta kawo takardar aure da takardun haihuwar yara. A ƙauyukanmu kuwa liman ne ke ɗaura aure gaban shaidu, ba tare da an rubuta komai ba. Mata da yawa ba su ma ji labarin dokar ba, balle su yi tafiyar kwanaki zuwa gidan kwamanda. Saboda haka nauyin ya koma inda ya saba zama, wato kan dangi. Ƙanen mamaci ya noma gonarsa, kawu ya ɗauki yaro, gwaggo ta riƙe yarinya har ta aurar da ita. Musulunci ma ya ƙarfafa wannan, domin bayan yaƙin Mu'uta, inda Ja'afar ɗan Abi Ɗalib ya yi shahada, Manzon Allah (SAW) ya je gidansa da kansa, ya rungumi ƴaƴansa, ya kuma yi umurni a dafa wa iyalin abinci.

Yaƙin duniya na biyu ya ƙara wani miki. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Ciyaroy kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan tirayer da suka dawo daga zaman fursuna suna neman kuɗinsu. Hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi da dama na ganin adadin ya fi haka nesa. An ɗauke su a matsayin masu tawaye, don haka iyalansu ba su samu matsayin iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki ba. Sai a 2024, bayan shekara 80, aka ba shida daga cikinsu shaidar mutuwa domin Faransa.

Gab da samun ƴancin kai, wata dokar kuɗi ta ranar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka fita daga hannun Faransa. Fanshon Bafaranshe na ta hauhawa, na ɗan Afirka yana tsaye wuri guda, kuma mata da yawa sun kasa gadon fanshon mazajensu. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. Babbar kotun Faransa mai shari'ar ayyukan hukuma ta ba shi gaskiya a 2001, amma lokacin ya riga ya rasu. An yi wani gyara a 2007, bayan fim ɗin Indigènes na 2006 ya tada hankalin jama'a, sannan aka daidaita fanshon a 2011. Taimakon da ya zo bayan maraya ya yi furfura, ina amfaninsa ga karatun da ya wuce shi?

Yau ƴaƴanmu na mutuwa domin kare ƙasarsu ta haihuwa. A Inates, ranar 10 ga Disamba 2019, sojoji 71 suka kwanta dama. A Shinagodar, ranar 9 ga Janairu 2020, an rasa 89. Da yawa daga cikinsu sun bar ƴaƴa, kuma waɗannan yaran suna zaune a azuzuwanmu.

Tarihin tirayer ya nuna wuraren da haƙƙi ke salwanta: rashin takarda, rashin sani, da jinkiri. Duka ukun suna cikin abin da malamai da ƙungiyoyin raya al'adu za su iya magancewa. Malami ya san yaron da ya daina zuwa makaranta bayan rasuwar uba, yana iya bin sawunsa har gida. Ƙungiya tana iya raka uwar marayu zuwa kotu don a yi wa aurenta da haihuwar ƴaƴanta takardun shaida, ta karanta mata abin da doka ta tanadar mata, ta kuma haɗa kowane maraya da babba guda da zai riƙa tambayar karatunsa daga shekara zuwa shekara. Haka kuma ya kamata kowane gari ya rubuta sunayen sojojinsa da suka faɗi, da na iyalan da suka bari, tun shaidu suna da rai.