Daga Jawul Zuwa Benzin

Duk wanda ya shiga ɗakin amarya ko na mai jego a Kakuri ko Barnawa ya san ƙamshin jawul a kan garwashi. Ba kowa ne ya san cewa wannan ƙaro ya raɗa wa wani babban dangi na sinadarai suna ba.

Larabawan fatake suna kiransa luban jawi, wato ƙaron Jawa, domin daga tsibiran Indonesiya ake kawo shi. Da ya isa Turai sai harshe ya karkata sunan ya zama benzoin. A shekarar 1833 Eilhard Mitscherlich, Bajamushe, ya ɗauki asid ɗin da ake tatsa daga ƙaron, ya dafa shi da farar ƙasa, ya sami wani ruwa mai saurin kama wuta, ya kira shi benzin. Michael Faraday ya riga shi ware ruwan a Landan a 1825, amma sunan jawul ne ya zauna. A 1865 August Kekule ya bayyana siffarsa: ƙwayoyin kabon shida da suka haɗu kamar zobe. Saboda 'yan farko na wannan dangi sun fito daga ƙaro da mai masu ƙamshi, aka kira su duka masu ƙamshi, har da waɗanda ke wari.

A ganina sunan ya yi musu ado fiye da kima. Benzin, wanda yau ake samu daga ɗanyen mai irin na matatar Kaduna da aka buɗe a 1980, yana haddasa sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa. Hayaƙin garwashi da turaren wuta ma yana ɗauke da kaɗan daga cikinsa, shi ya sa nake roƙon masu jego su buɗe taga, su fitar da jariri da mai asma kafin a turara ɗaki.

Zoben nan yana cikin man habbatussauda, yana cikin man citta, yana kuma cikin man kanumfari, wanda likitocin haƙori suka daɗe suna kashe zafi da shi. Kanumfarin kunu ba ya cutarwa. Tataccen mansa kuwa, cokalin shayi ɗaya ko biyu ya isa ya lalata hantar yaro ɗan shekara biyu. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja. A kawo shi asibiti tare da kwalbar.