Tarihin Irin Rake

Duk wanda ya ratsa fadamun Makarfi da Kudan da Taba da Ikara ya ga rake, ya kuma ga inda ake dafa mazarƙwaila. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa ganin ƙwayar rake a hannun manomi. Ba a shuka shi kamar gero ko dawa. Karan ake sarewa gunduwa-gunduwa, kowace da idonta a gaɓa, a binne a ƙasa mai laima, idon ya tsiro.

To, abin da ya tsiro ɗin nan ba ɗan raken farko ba ne, shi ne da kansa. Zaƙinsa da launinsa da taushinsa duk ɗaya. Dawa takan yi barbara da ta maƙwabci, ɗiyanta su sāke kama, amma rake ba shi da wannan. Haka rogo yake, da dankali, da ayaba. Har masu noman wiwi a ƙasashen da doka ta yarda, da yankan reshe suke riƙe irinsu don kada ya sāke.

Asalin rake daga tsibirin Sabuwar Gini ne, can gabas da Indiya. Shekaru aru-aru mutane suna ɗaukar karansa daga ƙasa zuwa ƙasa, har Turawa suka zaci ba ya yin ƙwaya mai tsirowa. A cikin 1793 wani kyaftin na jirgin ruwa, Bligh, ya kai wani iri daga Tahiti zuwa Jamaika. Irin nan ya fi wanda aka saba ruwa da kauri, saboda haka masu gonaki suka bar nasu suka rungume shi, har ya zamana tsibiri guda cur, in an bi salsala, kara ɗaya ne aka yayyanka. Da cuta ta zo kuwa ba ta sami mai tsaya mata ba, gama raunin ɗaya shi ne raunin duka. Ya lalace a Moris wajen 1840, ya lalace a tsibiran Karibiyan wajen 1890. Mutanen Jawa su ma wata cuta mai suna sere ta ci gonakinsu.

Wahalar nan ita ta tilasta bincike. A cikin 1888 Harrison da Bovell suka tsirar da rake daga ƙwaya a Barbados. Daga nan aka shiga haɗa iri. A Jawa, a cikin 1921, aka sami POJ 2878, wanda sere ba ta kama shi, kafin shekara goma ya game kusan dukan gonakin tsibirin. Watau an sāke komawa ga kara ɗaya.

Manomi yakan ce irinsa ya gaji, in ya ga yana ƙanƙancewa shekara da shekara. Galibi irin bai sāke ba, ƙwayoyin cuta ne suka taru cikin karan, wuƙar sara tana kai su daga wannan zuwa wancan. An gane wannan cuta a Ostareliya wajen 1945, aka kuma sami maganinta: a jiƙa yankan cikin ruwa mai zafin awo 50 har sa'a biyu kafin a dasa. A Nijeriya, ma'aikatan bincike na Badeggi su ke fid da sababbin irin rake.