Wasiƙa Ta Shigo, Amsa Ta Ƙi Fita

Duk wanda ya riƙi gyaran kwamfuta a matsayin sana'a a ƙasar Funtuwa da Malumfashi tun farkon wannan ƙarni zai ba da shaida cewa, cikin ɗimbin koke-koken da ma'abota ofisoshi ke kawo mana, babu mai naci kamar na wasiƙar imel da ke shigowa lafiya lau amma amsarta ta maƙale a akwatin fita, alhali intanet na aiki, kalmar sirri kuma daidai take. Sababin wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san asali, domin karɓa da aikawa hanyoyi ne mabambanta. Karɓa tana bi ta ƙa'idar POP3, a ƙofa ta 110, wadda tun fil azal take tambayar suna da kalmar sirri. Aikawa kuwa tana bi ta SMTP, wadda Jon Postel ya tsara a 1982 a ƙofa ta 25, domin jama'ar masana 'yan kaɗan waɗanda suka san juna suka kuma kyautata wa juna zato, har ba su ga dalilin tambayar mai wasiƙa ko shi wane ne ba. Tarihin sana'armu, in an taƙaita shi, tarihin janye wannan kyautata zato ne sannu a hankali.

Lokacin da wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a 2001, layin NITEL bai isa a dogara da shi ba, saboda haka shagunan intanet na farko a garuruwanmu faranti suka kafa a kan rufi suna ɗauko sadarwa daga tauraron ɗan'adam. Talaka da ɗalibi Yahoo suke buɗewa, kuma ba su san wannan ciwo ba. Waɗanda suka san shi su ne masu gurzar auduga, magadan kasuwancin da ya kafu a nan tun zamanin kamfanin auduga na BCGA, da masu sayar da iri da taki, da dillalan da ke tara masara a kasuwannin Dandume da Bakori suna lodi zuwa masana'antun abincin kaji na kudu. Su ne suka so adireshi mai ɗauke da sunan kamfaninsu, sai aka kama musu hayar gurbi a wata sabar da ke Amurka ko Ingila, galibi mai cPanel da Exim, aka ɗaura ta da Outlook Express a kwamfutar akawu.

Dabarar farko da masu sabar suka yi don tantance mai aikawa abin dariya ce a yau, amma ta ci mana tuwo a ƙwarya. Sabar takan buɗe wa mutum ƙofar fita na ɗan lokaci idan ya riga ya duba akwatinsa, don haka nasihar da muke wa akawu ita ce ya karɓa tukuna sannan ya aika. Daga baya, da ƙa'idar tantancewa ta 1999 ta yaɗu, sai magani ya koma wani ɗan akwati guda a cikin saitin manhaja, wanda ke shaida cewa sabar fita ita ma tana bukatar suna da kalmar sirri. Allah kaɗai Ya san yawan man babur da aka ƙona tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ta Bakori, domin a je a danna wannan akwati, a kawar da lambar 550 da ke cewa an hana wucewa, a sha ruwan sanyi a juyo.

Sai fitina ta zo daga inda ba mu da hannu. Wasiƙun damfara da aka laƙaba wa lambar 419 sun ɓata sunan ƙasa baki ɗaya, ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suka buɗe baƙin kundi na lambobin IP da ake tuhuma, hukuma kuma ta kafa EFCC, har dokar 2006 ta wajabta wa masu shagunan intanet rajista. Da yake lamba ɗaya ce jama'a da dama ke tarayya a kanta, laifin wani yaro a Legas yana iya hana takardar farashin wani dattijo a Kafur isa inda aka nufa, kuma babu alƙalin da za a kai wa ƙara. Kamfanonin sadarwa da yawa a duniya, don tsare mutuncin lambobinsu, suka toshe ƙofa ta 25. Da ƙananan modem masu shiga jikin kwamfuta suka yawaita a ƙarshen shekarun 2000, sai ka ga wasiƙa ta fita da layin wannan kamfani ta ƙi fita da na wancan, mai ofis ya rantse an yi masa asiri. Mu kuwa mukan ƙwanƙwasa ƙofar da telnet: in sabar ta amsa sallama da 220, hanya a buɗe take, in shiru, sai mu koma ƙofa ta 587, wadda aka keɓe wa masu aikawa tun 1998, ko ta 465, wadda aka soke amma jama'a suka ƙi bari, har malaman fannin suka sallama suka halatta ta a 2018.

Akwai kuma cututtukan da suka fi kama da na gida. Yawan ɗauke wutar NEPA da tsufan kwamfutocin da ake sayowa na hannu kan cinye ɗan batirin da ke riƙe agogo, kwanan wata ya koma shekarun baya, manhaja ta duba takardar shaidar sabar ta ga a lissafinta ba a ma haife ta ba tukuna, sai ta ƙi mu'amala. Mafi ban haushi shi ne na kakar auduga, sa'ad da ake ta aika hotunan rasit da takardun awo: rumbun wasiƙun da aka aika a Outlook Express ba ya wuce gigabayit 2, in ya cika sai wasiƙa ta tafi amma ta kasa barin akwatin fita, manhaja ta yi ta maimaita aikawa. Wani attajiri ya taɓa ce mini, "Injiniya, ni ana cewa ba ta tafi ba, mutumin Kano kuma yana roƙona don Allah in daina turo masa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ku duka biyun gaskiya kuka faɗa."

Zamanin da muke ciki ya fi kama da ilimin hadisi fiye da gyaran inji, kuma wanda ya zauna gaban malaman zaure ba zai sha wuyar fahimtarsa ba. A saman kowace wasiƙa akwai layukan da mai karatu ba ya gani, inda kowace sabar ke rubuta daga wa ta karɓa da lokacin da ta karɓa, wato isnadi sak. SPF na 2006 ijaza ce da mai adireshi ke bayarwa cewa sabar kaza ce kaɗai ke da izinin ruwaya da sunansa. DKIM na 2007 hatimi ne da ke tabbatar da cewa ba a taɓa matani a hanya ba. DMARC na 2015 kuwa hukuncin da za a zartar ne idan isnadi ya yanke. Tun daga Fabrairun 2024, da Gmail da Yahoo suka tsananta sharuɗɗansu, wasiƙar da ba ta da ko ɗaya daga cikin shaidun nan ana iya mayar da ita daga bakin ƙofa komai ingancin abin da ta ƙunsa. A ra'ayina tsanantawar tana bisa haƙƙi, sai dai nauyinta ya fi sauka a kan ƙaramin ɗan kasuwa da ke tarayya da ɗaruruwan baƙi a sabar haya mai araha, wanda ake raunana ruwayarsa saboda maƙwabcin da bai taɓa gani ba.

Ciniki dai ya ƙaura zuwa WhatsApp, abin da ya rage wa imel shi ne banki da neman kwangila da takardun fitar da kaya, waɗanda tashar jiragen ruwa ta tsandauri da ke Funtuwa za ta ƙara yawansu, kuma su ne wasiƙun da jinkirinsu ke jawo hasara. Yaran da ke koyon aiki a hannunmu sukan yi gaggawar goge manhaja su sake ɗorawa, mu kuwa mukan tsayar da su su fara karanta amsar da sabar ta bayar, domin lambar da ta fara da 4 tana nufin a dakata a sake gwadawa, mai farawa da 5 kuwa ƙi ne na dindindin. Daga nan su duba agogo, su ƙwanƙwasa ƙofa, su tabbatar da suna da kalmar sirri, sannan su nemi lambar sabar a baƙin kundi kafin su kira mai haya.