Sharuɗɗan Dawwamar Littafi da Waƙa, da Saɓanin Manya da Yara Wajen Saninsu

Daga cikin ƙorafe-ƙorafen da dattawa suka fi yawan yi a majalisunsu, a Unguwar Kanawa ta birnin Kaduna da sauran unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, akwai cewa yaran yanzu ba su san kome ba daga abin da magabata suka bari, har ta kai saurayi yana gama sakandare bai taɓa jin sunan Malam Zurƙe ɗan Muhamman na Ruwan Bagaja ba, balle ya san yadda aku ya kai ga zama waziri a Magana Jari Ce. Wannan ƙorafi yana da ƙanshin gaskiya, amma kafin a yanke wa samari hukunci, wajibi ne a fara warware wata mas'ala da ta gabace shi, wato mene ne yake sa wani littafi ko wata waƙa su rayu bayan mutuwar mai su, alhali wasu dubbai da aka yi tare da su a zamani guda sun shuɗe ba a ko tuna sunayensu. Abin da wannan maƙala take son tabbatarwa shi ne, nagartar aiki sharaɗi ce ta farko, amma ita kaɗai ba ta wadatarwa sai an sami silsilar da za ta riƙa miƙa shi daga hannu zuwa hannu, kuma mafi yawan abin da muke kira jahilcin yara yankewar wannan silsila ce daga ɓangaren manya.

Hujja mafi bayyana tana cikin zaurukan malamai na unguwar kanta. Duk wanda ya bi ta wani zaure bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha, zai tarar da magidanci mai furfura da yaro ɗan shekara goma sha biyar a kan tabarma guda, kowanne da littafinsa mai jan bango ko warwaren takardu a cikin gafaka, suna jiran layi ya zo kansu, almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa kalma bayan kalma. Littattafan nan kuwa ba na jiya ba ne: Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani tun ƙarni na 10 aka wallafa ta, Ishiriniya ta Alfazazi tun ƙarni na 13, Ahalari kuma tun ƙarni na 16, kuma babu ɗaya daga cikin mawallafansu da ya taɓa taka ƙasar Hausa. Duk da haka ba a jin wani dattijo yana kukan cewa yara sun manta Ahalari, domin kuwa tsarin da yake ɗauke da shi bai taɓa tsayawa ba: wanda ya karanta a gaban malami shi yake zama ya karantar, na bayansa kuma ya karɓa.

In muka juya ga adabin boko, sai mu ga yadda aka gina irin wannan silsila da gangan, a cikin ɗan ƙanƙanen lokaci. A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar ƙaga labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East ɗin kansa. Bayan haka Imam ya rubuta Magana Jari Ce cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930, aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, kamfanonin da suka yi ta maimaita buga littattafan nan suna kai su makarantu. Ita Kaduna kuma, da yake ita ce hedikwatar Jihar Arewa a lokacin, sai ta zama bakin da ake jin muryar wannan adabi, musamman tun da aka buɗe gidan rediyo da talabijin nata a 1962. An mayar da Shaihu Umar fim a 1976 a hannun Adamu Halilu, an kuma nuna labaran Magana Jari Ce a talabijin, inda marigayi Ƙasimu Yero ya yi fice. Saboda haka dattijon da yake alfahari da sanin waɗannan ayyuka, ya kamata ya tuna cewa ba shi ya je ya nemo su ba, su aka kawo masa har cikin aji da cikin ɗaki.

A nan mai jayayya yana iya cewa, ashe ke nan babu wani sirri a cikin littattafan, hukuma ce kawai ta zaɓe su ta ɗora wa mutane, kuma da wasu ta zaɓa da su za a riƙa yabo a yau. Wannan magana tana da rauni, kuma tarihin gasar 1933 da kansa yana rushe ta, domin littattafai biyar ɗin nan hukuma ɗaya ta buga su, a zamani ɗaya, ta kai su makarantu iri ɗaya, amma yau in aka ambaci Ruwan Bagaja mutane da yawa za su yi murmushi su kama ba da labarin ƙeta da ramuwar da ke tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, alhali Idon Matambayi sai ɗaliban jami'a masu nazarin adabi. Hukuma tana iya tilasta wa yaro ya karanta littafi don jarrabawa, amma ba ta da ikon sa shi ya ba ƙanensa labarin da daddare don daɗi. Haka kuma ba sabuntar labari ce ma'auni ba, tun da sananne ne cewa Imam ya ɗebo da yawa daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai da na Gabas. Abin da ya dawwamar da shi shi ne yadda ya narkar da su cikin Hausa mai zaƙi, ya sa musu rigar ƙasar nan, har mai karatu ya ɗauka a bayan gidansu abin ya faru.

Waƙar baka tana ƙara haskaka wannan ƙa'ida ta wata fuska. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, amma a teburin mai shayi a bakin titin Ali Akilu kana iya jin kalangunsa yana tashi daga wayar yaron da ba a haife shi ba sai bayan rasuwar, domin waƙoƙinsa sun yi ƙaura daga faifan garmaho zuwa kaset, daga kaset zuwa waya, ba tare da sun jira izinin manhaja ba. Amma rubutattun waƙoƙi irin na Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu, waɗanda ba su gaza ba ta wajen fasaha da zurfin ma'ana, sun fi dogara ga aji da malami, shi ya sa da darajar darasin Hausa ta ragu a makarantu, musamman na kuɗi waɗanda iyaye suke rububin kai 'ya'yansu, sai saninsu ya ragu tare da ita. Imfiraji na Aliyu Namangi kuwa ya sami wata hanya dabam, ta bakin makafi da mabarata da suka haddace shi suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje.

Adalci kuma yana wajabta a faɗi cewa rashin sanin nan ta fuska biyu yake. Lokacin da littattafan da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano suka ɓullo a shekarun 1980, manazarta da dama sun yi musu kallon abin da ba zai kai gobe ba. Ga shi kuwa In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu sun haura shekara talatin ana karanta su, ana rubuta kundayen digiri a kansu, kuma matan da suka karanta su suna 'yan mata yau su ne iyaye, wasu ma kakanni. Dattijon da bai taɓa buɗe ɗayansu ba, bai kuma taɓa sauraron mawaƙi Aminu Ala da kunnen basira ba, ba shi da hurumin da zai zargi jikansa da gafala. Ba kuma za a gaggauta ba wa kowane sabon aiki matsayin bakandamiya ba, domin shaidar da ake karɓa a wannan shari'a ita ce ta mutanen da ba don su aka yi aikin ba, waɗanda suka zo daga baya suka same shi, suka kuma ga yana magana da su.

Bisa ga wannan, sharuɗɗan dawwama uku ne: nagarta a cikin aikin kansa, da hanyar da za ta isar da shi, da karɓuwa a wurin zuriyar da ba ta ga mai shi ba. Na farko ya rataya a wuyan mawallafi, na uku a wuyan zamani, na biyu kuwa amana ce a wuyanmu. Ya kamata masu makarantu su mayar wa darasin Hausa da martabarsa, gidajen rediyo su dawwama a kan karanta littattafai, masu haƙƙin buga su kuma su sa su inda idon yara yake, wato cikin waya, a kan farashin da talaka zai iya. Kai kuma magidanci, kafin ka sake cewa ɗanka bai san Magana Jari Ce ba, ka saya masa, ka zauna ku karanta tare, sannan ka tambaye shi abin da shi yake karantawa.