Aya: yadda ake noma ta da abin da ake yi da ita

Aya, wadda ake kira souchet da Faransanci, masana kuma suke ce mata Cyperus esculentus, dangin kajiji ce da aya-aya, ciyayin da ke son fadama da bakin ruwa. Ganyenta siriri ne, karanta mai kusurwa uku, ƴaƴan kuma a ƙarƙashin ƙasa suke. Tsohon abinci ne, domin an same ta a kaburburan mutanen Masar na dā.

A Nijar, jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta, musamman wajen Agiye da Cadawa, sai kuma wasu sassan Doso. Iri biyu aka sani a kasuwa, babbar aya da ƙarama. Duk da cewa danginta na fadama ne, manomi ya fi son ya sa ta a jigawa, saboda a laka tono yana da wuya. Ana shuka ta idan damina ta kankama, a Yuni ko Yuli, ta nuna cikin wata uku zuwa huɗu. Tana cin taki sosai.

Wahalar tana wajen girbi. Idan ganye ya bushe sai a sa masa wuta, a farfasa ƙasar, sannan a riƙa tankaɗe ta da rariya har a ware ƴaƴan, aiki ne na ƙura da ke cin ƴan ƙwadago da yawa. Gonar da aka ƙone aka kuma tankaɗe takan zauna tsirara duk rani, iska na kwashe ƙasar sama. Shi ya sa malaman gona ke ba da shawarar a yanke ganyen maimakon ƙonawa, a zuba takin gida, kuma kada a maimaita aya a gona ɗaya kowace shekara. Kuɗin da take kawowa ne ke sa da yawa ba sa jin wannan shawara.

Ana cin ta ɗanya ko busassa, a gasa ta (daga nan aka samo "gasa wa mutum aya a hannu"), a yi dakuwa, ko a jiƙa a markaɗa da dabino da kwakwa a yi kunun aya, wanda ba ya kwana idan babu firji. Mafi yawan ayar Maraɗi Najeriya take tafiya, wata kuma har Sifaniya, inda mutanen Valensiya ke yin abin shansu horchata da ita.