Daga Takardar Mai Unguwa Zuwa Sa Hannun Gwamna: Nazari a Kan Cinikin Gida da Sharuɗɗan Jingina a Arewacin Nijeriya

Cinikin gida ya sha bamban da cinikin doki. Mai doki ya karɓi kuɗinsa ya miƙa linzami, magana ta ƙare. Gida kuwa yana nan inda yake jiya, abin da ke tashi daga hannu zuwa hannu shi ne haƙƙi, shi kuwa haƙƙi ba a ganin sa sai ta hanyar shaida. Saboda haka za mu fara da tsayar da ma'anar kalmomi uku da nazarin nan ya ginu a kansu. Idan muka ce "miƙa mallaka", muna nufin dukkan matakan da ake bi don haƙƙin gida ya bar mai sayarwa ya tabbata ga mai saye a idon doka. Idan muka ce "jingina", muna nufin sanya gida a matsayin abin dogaro ga mai ba da bashi. Wannan ta bambanta da jinginar gona da iyayenmu suka sani, inda mai bin bashi yake karɓar gonar ya noma har ranar da aka fanshe ta. A jinginar banki mai gida yana zaune a gidansa, banki yana riƙe da takarda da kuma ikon sayarwa idan biya ya gagara. Kalma ta uku ita ce "haƙƙin zama", wato izinin riƙe wani fili da amfani da shi, kuma ita ce ginshiƙin komai.

Dalilin da ya sa ta zama ginshiƙi shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa a zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, kuma Tsarin Mulki na 1999 ya ƙulle ta a sashe na 315. Sashe na 1 na dokar ya damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Wannan tsari ba baƙo ba ne a Arewa, domin dokar ƙasa ta Turawan mulkin mallaka ta 1910 da Dokar Riƙon Ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 duk a kan wannan tushe suka tsaya; abin da aka yi a 1978 shi ne shimfiɗa tsarin Arewa a kan ƙasa baki ɗaya. Ma'anar haka ita ce mai sayen gida ba ƙasar yake saya ba, ginin yake saya tare da haƙƙin zama a kan filin. Haƙƙin kuma iri biyu ne: wanda gwamna yake bayarwa, galibi na shekara 99 ga gidajen zama, da na gargajiya wanda ƙaramar hukuma take bayarwa a wajen birane. Waɗanda suke riƙe da gidajensu tun kafin 1978 dokar ta ɗauke su tamkar an riga an ba su haƙƙin, ko da ba su da takarda.

Idan muka duba abin da ke hannun masu gidaje a Kano ko Zariya ko Katsina, za mu ga shaidar mallaka ta kasu uku. Akwai takardar ciniki ta unguwa, akwai takardar da hukuma ta ba da fili da ita tun farko, sannan akwai takardar shaidar haƙƙin zama mai sa hannun gwamna, wadda jama'a suka fi sani da "si-of-o". Ta farkon ita ta fi yawa, musamman a unguwannin awon igiya, wato inda mai gona ya yanka gonarsa fuloti-fuloti ba tare da safiyon gwamnati ba. Kowa ya san yadda ake yin ta. A zauna a zaure ko a ƙofar gidan mai unguwa, dillali ya riga ya kai da komowa har an sallama, an ba da kafin alƙalami makon da ya wuce. A ƙirga cikon kuɗi, a rubuta a falle ɗaya cewa wane ya sayar wa wane gida, gabas ya yi iyaka da wane, yamma da hanya. Shaidu su sa hannu, mai unguwa ya buga hatimi, a cire la'ada, a raba goro, a shafa fatiha. Ba mu raina wannan takarda ba. Tana ɗauke da abin da ofis ba shi da shi, wato sanin maƙwabta da mutuncin dattawa, kuma wanda ya biya kuɗi ya shiga gida kotu tana kare shi daidai gwargwado. Sai dai ƙarfinta yana raguwa da mutuwar shaidu, kuma ba ta hana marar tsoron Allah sayar da fili ɗaya ga mutum biyu.

Miƙa mallaka cikakke yana farawa ne da bincike, kuma a nan ne ya kamata mai saye ya fi ɓata lokaci. Lauya zai je ofishin rajistar filaye, kamar KANGIS a Kano ko KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja, ya buɗe fayil ɗin gidan ya ga sunan wa ke ciki, ko an taɓa jinginar da shi, ko akwai bashin harajin fili, ko gwamnati ta soke haƙƙin domin aikin jama'a kamar yadda sashe na 28 na dokar 1978 ya ba ta dama. Bayan fayil sai a je wurin da ƙafa, a gwada iyakoki da taswirar safiyo, a tambayi maƙwabta, domin ita kanta si-of-o kotuna sun sha bayyana cewa ba ta wanke wanda tun asali ba shi da haƙƙi. Idan bincike ya yi kyau sai a rubuta takardar miƙa haƙƙi, sannan a kammala ta da abubuwa uku a jere: amincewar gwamna, biyan harajin hatimi, da rajista.

Amincewar gwamna ita ce inda mafi yawan ciniki yake tsayawa, ga tsada ga jinkiri, kuma a ganinmu gwamnatocin jihohi suna da alhaki babba a kan haka. Amma doka ba ta sassauta ba. Sashe na 22 ya hana sayarwa ko jinginarwa ba tare da ita ba, sashe na 26 kuma ya ce abin da aka yi ba bisa ƙa'idar ba ɓatacce ne. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda aka jinginar da gida a Legas ba tare da amincewar gwamna ba. Da banki ya tashi sayarwa sai mai gidan ya kafa hujja da wannan giɓi, kotu kuma ta ce jinginar ba ta tsayu ba. A 1995, a shari'ar Awojugbagbe da Chinukwe, kotun ta fayyace cewa babu laifi a ƙulla yarjejeniya kafin a sami amincewar, sai dai ba ta cika sai an same ta. Tun daga hukuncin farko babu bankin da ke wasa da wannan sa hannu.

Daga nan za mu fahimci sharuɗɗan masu ba da rancen gida, waɗanda suka kasu biyu. Kashi na farko ya shafi mutum: hujjar samun kuɗi a kai a kai, takardar biyan haraji, da wani kaso na kuɗin gidan daga aljihunsa. A tsarin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, bayan wata 6 yana iya neman rance a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin shekarun da ba su wuce 30 ba, kuma abin da ake cira a wata kada ya haura sulusin abin da yake samu. Kashi na biyu ya shafi gidan: si-of-o ko takardar miƙa haƙƙi mai rajista, rahoton ƙwararren mai ƙiyasta daraja, taswirar gini da hukuma ta amince da ita, inshorar gobara, da sabuwar amincewar gwamna a kan jinginar kanta. Dukkan sharuɗɗan kashi na biyu amsa ce ga tambaya ɗaya: idan biya ya tsaya, za a iya sayar da gidan nan ba tare da wani ya fito ya ce nasa ne ba? Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, sun canza siffar cinikin, suna saye su sayar da riba sananniya ko su ba da haya mai ƙarewa da mallaka, amma takardun da suke nema su ne dai waɗannan.

Akwai abu ɗaya da fayil ɗin ofis ba ya nunawa, kuma yana yawan kai ƙararraki kotunanmu, wato gidan gado. Sau da yawa babban ɗa ne yake riƙe da takardun marigayi, shi dillali ya sani, shi yake sa hannu, alhali akwai 'yan'uwa mata a gidajen aure da marayu ƙanana da ba a shawarta ba. Riƙe takarda ba ya ba shi ikon sayar da kason wani. Ko kasonsa kaɗai ya sayar kafin a raba, fiƙihun Malikiyya ya ba sauran abokan tarayya shuf'a, wato damar mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi kason, kuma wanda yake gari ba ya rasa wannan dama sai bayan shekara guda. Maganin wannan shi ne takardar rabon gado daga kotun shari'a, ko sa hannun kowane magaji da kansa.

Kiranmu ga mai shirin sayen gida, ko da da kuɗin hannunsa zai saya, shi ne ya yi wa gidan tambayar da banki zai yi masa. Ya je ofishin filaye kafin ya ba da kafin alƙalami, ya tambayi magada mata da bakinsa, kuma ya ware kuɗin amincewar gwamna da na rajista a cikin lissafinsa tun ranar da ya fara tayi.